Batirin Awa Ashirin

Shekara talatin da takwas Torleif Nesheim ya yi yana bin gidajen garin Otta, can ƙasar ƙanƙara, yana karanta mitar wuta, kuma aikin ya bar masa ciwon da ritaya ba ta warkar ba: bai iya ganin fitila tana ci a ɗakin da babu kowa. Ko gidan makoki ya je, sai ka ga hannunsa ya kai ga makunni yana wucewa. Matarsa Gunvor ta sha ƙarasa wanka cikin duhu saboda shi. Magana ma haka yake yi mata, sai ka rantse da mita ake auna masa ita. Ranar aurensu, da aka buga cokali a jikin kofi aka ce ango ya tashi ya yi jawabi, ya miƙe, ya dubi amarya, ya ce, "To. Abinci ya yi daɗi." Ya koma ya zauna. Shekara arba'in da shida ke nan, har yau dangin Gunvor ba su bar shi ya manta ba.

Bana Gunvor za ta cika saba'in, ranar Asabar ta hutun Ista, kuma ta ce a bukkar mahaifinta da ke kan dutse take so a yi taron. Mu nan an san ƙa'ida: in mace ta cika saba'in, mijinta ne zai tashi ya yi magana, babu gudu babu ja da baya. Torleif kuwa yana son matarsa, so na gaske, irin wanda ke fitar da shi da sassafe ya kankare mata ƙanƙarar gilashin mota kafin ta farka. Amma ya faɗa da bakinsa a gaban mutane, gara a ce ya haɗiye cokalin.

Sai ya samo dabara. Ya kwashe kwalayen hotunansu a ɓoye ya kai ɗakin karatu na gari, inda aka nuna masa yadda ake juye su cikin na'ura. Hoto ɗari da arba'in ya jera, daga ranar aure har bara. A ƙarƙashin na ƙarshe ya rubuta jimla guda, wadda ya yi kwana uku yana gogewa yana sakewa. In an buga kofi, nasa kawai ya buɗe kwamfuta ya danna. Ai gani ya kori ji. Balle ma Gunvor kunnenta ya yi nauyi shekara biyun nan, sai da 'yan na'urorin ji masu caji take jin magana sosai, kuma in an hau dutse suka mutu, cire su take yi ta ajiye, ta ce ba ta yi asarar komai ba in ban da surutun ƙaninta Oddvar.

Matsala ɗaya ce: bukkar babu wuta. Kar ma ka ce talauci ne, abin alfahari ne. Mutanenmu sai su yi shekara suna zaune a gida mai ɗumi har ƙasan daɓe, sannan in hutu ya zo su kwashi jiki su tafi inda za su fasa ƙanƙara su ɗebi ruwa, su yi taku hamsin cikin sanyi kafin su kai masai, su dawo gari suna ba da labari kamar sun ci yaƙi. Tsohuwar kwamfutar Torleif kuwa, in aka zare mata waya ba ta kaiwa a dafa ƙwai. Daga Alhamis da za a hau har Asabar da yamma, yana buƙatar wadda za ta riƙe wutarta.

Wata uku ya yi yana bincike. Ya sayi littafin rubutu musamman, ya ja layuka, ya cika shi da sunayen kwamfutocin tafi-da-gidanka da awoyin da kowace ke yi. Sannan ya shiga jirgin ƙasa ya nufi wani shago a Lillehammer, inda ya faɗa hannun wata mai sayarwa, Maiken, mace mai haƙurin da ba a san iyakarsa ba sai ranar.

Ta ce, "Ga wannan. Dubi fuskarta, dubi launi. Kamar ka sa hannu ka tsinko furen da ke cikin hoton nan."

"Fuska mai ƙyalli ita ce ɓarauniya ta farko. Awa nawa?"

"Tara."

"A takarda. A gaske shida. Wuce."

Ta nuna masa wata mai ƙarin inji na masu wasanni. Ya kara kunne a jikinta ya ji fanka tana huci, ya ja da baya kamar an miƙo masa maciji.

"Wannan ai murhu ce. Ina son ƙaramin inji, mai cin wuta kaɗan, wanda ba ya zafi balle ya nemi fifita."

"Ba za ta yi sauri ba fa."

"Ina za ni?"

"Madannai masu haske? Don duhu."

"Na san inda haruffa suke."

Ziyara uku ya kai shagon. A ta ukun, abokin aikin Maiken yana hango shi ta gilashi ya tuna yana da aiki a sito. A ƙarshe dai aka dace: wata toka-toka, mummuna, mai fuska dishi-dishi, ƙaramin inji, ba fanka, ba ado, amma rabin cikinta batir ne. A kwali an rubuta awa ashirin.

Maiken tana naɗe ta ta ce, "Abu ɗaya. Wannan kafar jona waya ta hagu tana ba da caji ko kwamfutar tana kashe. In wayarka ta mutu sai ka jona."

"Wayata ba ta mutuwa. A kashe take."

"Ana iya toshe ta, in kana so in nuna maka..."

"Ba buƙata," in ji Torleif, don jirgin ƙarfe biyu da kwata ba ya jiran kowa.

A gida ya gwada ta da agogon dafa ƙwai a ɗakin ajiya, hotuna suna ta zagayawa. Awa goma sha tara da minti arba'in ta yi. Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa a kan minti ashirin ɗin, amma a zuciyarsa ya gamsu. Gunvor ta leƙo ta ga bayansa ya tare ƙofa, ta ce, "In ka gama jinyar, ga kofi nan yana hucewa." Ba ta tambaye shi komai ba.

Ranar Alhamis su biyar suka ɗaura katakan sulu a ƙafa, na tafiya kan ƙanƙara, suka kama hawa: shi da Gunvor, 'yarsu Ragnhild da mijinta Jostein, sai Oddvar a gaba yana buɗe hanya da baki. Torleif ya san sanyi maƙiyin batir ne, don haka bai sa kwamfutar cikin kaya ba. A ƙirjinsa ya ɗaure ta, ƙarƙashin rigar ulu, ya riƙa tafiya a sandare kamar an yi masa ɗori.

Oddvar ya waiwayo ya ce, "Kai, mai mita! Me ka haɗiya? Ƙofar firji?"

"Kwamfuta ce."

"Kwamfuta! A bukkar babana! Gunvor, kin ji abin da mijinki ya kawo mana? Mutumin da ya gina wurin nan da gatari ɗaya, da zai taso yau da ya koma. Mu da muka tashi a nan, safa ɗaya muke yin hunturu da ita, ba mu san wani batir ba. Yanzu kowa ya lalace. Ni ka gan ni nan, sanyi tsorona yake ji."

Gunvor ta ce, "Ka shekara sittin kana faɗa, har yanzu sanyin bai ji ba."

Da aka isa aka hura murhu, Torleif ya zaro kwamfutarsa, ya naɗe ta da rigar ulu biyu, ya sa a akwatin katako da ke gefen murhu, inda ba zafi ba sanyi. Ragnhild tana kallo ta ce, "Baba, wannan ba irin mai ba da caji a kashe ba ce?" Ya ce haka aka faɗa masa, ya rufe akwati. Bai ga yadda idon Jostein ya ɗago daga ɓawon lemo ba.

Kwana biyu aka yi yadda aka saba. A yi sulu da safe, a zauna a jikin bango ana shan rana da lemo, a ci waina da cuku mai ruwan ƙasa, a yi karta, Oddvar ya yi maguɗi a kama shi. Kowa yana yabon rayuwa ba wuta. Jostein ya ce rabon da kansa ya huta haka tun bara. Ragnhild ta ce ita ta ma manta tana da waya. Kullum da hantsi Torleif kan ɗauki gatari da bokiti biyu ya gangara rafi, ya dawo ya faskara itace, aikin awa guda da rabi, don ba ya yarda da faskaren kowa. In ya shigo sai ya dafa murfin akwati kamar mai gaida mara lafiya. Sau da yawa ransa ya ba shi ya kunna ya duba, amma ya san kunnawa kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya. Me zai sa ya yi asarar kashi ɗaya don ya tabbatar da abin da ya riga ya sani?

Asabar da la'asar aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, aka ci gasasshen rago, aka yanka kek. Rana tana dukan ƙanƙara tana shigowa ta taga. Oddvar ya yi nasa jawabin, rabin awa, kashi uku cikin huɗu a kan kansa. Sannan ya buga cokali a kofi yana murmushin mugunta.

"Jama'a, a yi shiru. Ango zai gaya mana ko abinci ya yi daɗi."

Torleif ya tashi da nutsuwar wanda ya shirya, ya ja labule, ya buɗe akwati, ya warware ulu, ya ajiye kwamfutar a gaban Gunvor. Ya danna.

Fuskar ta kawo haske. Hoton farko ya fito, Gunvor da farar riga a ƙofar coci, iska ta ɗage mata mayafi. A can lungu kuma wani ɗan jan rubutu: kashi ɗaya. Torleif ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kashi ɗaya. Kafin ya buɗe baki, fuskar ta yi baƙi, ya ga tasa fuskar a ciki.

Itace ya yi ƙara a murhu. Wata ukunsa ne ya mutu a kan tebur, da hoto ɗari da arba'in, da jimlar nan ta ƙarshe. Wani baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ya ce a hankali, "Da cikakken caji na hau dutsen nan. Ban kunna ta ba ko sau ɗaya. Shekara talatin da takwas ina wannan aiki. Wuta ba ta ɓata. Shan ta ake yi."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Jostein ne ya fara tsurewa.

"Fitilar goshina ce kawai. Da... da agogona. Yana ƙirga min taku. Na ga awa ashirin ce, na ce me ɗan agogo zai ci?"

Ragnhild ta sunkuyar da kai. "Baba, wayata. Sau biyu. Ko uku. Akwai wani dutse a bayan masai, in ka hau ana samun layi."

"Ke da kika manta kina da waya?"

"Ai shi ya sa na riƙa dubawa, in tabbatar na manta."

Torleif ya yi lissafi a ka, leɓɓansa suna motsi. Waya uku, fitila, agogo. Ya girgiza kai.

"Bai kai ba. Rabin batir bai fito ba. Akwai babban ɓarawo."

Kowa ya juya. Oddvar ya duƙufa kan kek kamar an ba shi aikin ƙirga 'ya'yan itacen da ke ciki.

"Me kuke kallona? Ni ko waya ban zo da ita ba!"

Ragnhild ta ce, "Kawu, me ya sa idon sawunka yake kawo koren haske?"

Ta duƙa ta ɗage ƙafar wandonsa kafin ya janye. Ga safa mai kauri, ga ɗan batir a maƙale a kowace ƙafa yana ƙyaftawa. Safa mai ɗumama kanta, wadda ake sayar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido.

Jostein ya fashe da dariya har ya ƙware. Gunvor ta riƙe ciki. Oddvar kuwa, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ya daki tebur.

"Likita ne ya ce! Jini ba ya kai min yatsu! Kuma laifin wa? Wa ya ce ya ajiye rijiya a tsakar ɗaki ya tafi faskare? In ɓera da sata, daddawa ma da wari!"

"Sau nawa?" in ji Torleif.

"Ƙafa biyu gare ni, mai mita. Kwana biyu. Kai ne gwanin lissafi."

Torleif bai yi dariya ba. Ya rufe kwamfutar, ya dafa ta da hannu biyu. Yatsansa ya taɓa wani abu a kafar hagu: 'yar siririyar igiyar caji, fara, guntuwa, an manta ba a zare ba. Ya san ta. A kan durowar gefen gadonsu take kwana.

Ya ɗago ya dubi matarsa. Sai yanzu ya lura: 'yan na'urorin suna kunnenta, yau kwana uku da hawa dutse, lokacin da ya kamata a ce sun daɗe da mutuwa.

Gunvor ta ce, "Ni ce ta ƙarshe. Yau da hantsi, kana rafi. Na tarar saura kaɗan, na ƙarasa."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Torleif, wata uku kwalayen hotuna ba sa ƙarƙashin gado. Ni ke share wurin."

"To me ya sa?"

Ta gyara zama, ta ture farantin kek gefe.

"Hotunan nan na san su. Ina ciki. Na san rigar, na san ruwan saman da aka yi, na san wanda ya ɗauka ya yanke maka kai. In mun koma gida ka jona ta a bango mu kalla har sau goma. Amma na cika saba'in, kuma akwai abin da ban taɓa ji ba. Na ce in yau za a faɗe shi, ba zan zauna da kunne a toshe ba."

Oddvar ya buɗe baki, Ragnhild ta taka masa safa mai batir, ya rufe.

Torleif yana tsaye. Ba maɓallin da zai danna. Ya dubi labule, ya dubi murhu, ya dubi ƙofa har sau biyu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, a ɗakin da ruwa ke daskarewa a bakin taga. Ya nemi jimlar nan da ya yi kwana uku yana gyarawa, ya tarar ta bi batir.

Ya ce, "To."

"Abinci ya yi..." Oddvar ya fara, aka sake taka shi.

"Fitilar tagar kicin," in ji Torleif. Ya yi gyaran murya. "Wadda kike bari a kunne in na fita aiki, har in dawo. Ko da rana tsaka. Wat arba'in ce. Na san abin da take ci a wata, na san na shekara. Na lissafa na shekara talatin da takwas."

Gunvor ta ce, "Na san ka lissafa."

"Ban taɓa kashe ta ba."

Ragnhild ta kai hannu baki.

"Na kashe ta falo, na kashe ta banɗaki, kina ciki ma na kashe. Wannan kuwa, in na shawo kwanar gidan mai na hango ta, sai in ji... sai in ji na iso. Ko da sauran tafiya." Ya riƙe bayan kujera kamar za ta gudu. "Ina son ki, Gunvor. Tun kafin abincin aurenmu. Shi na so in faɗa ranar."

Jostein ya shiga neman wani abu a aljihu. Oddvar ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce hayaƙin murhun nan sai an duba shi, tun zamanin babansu yake shiga ido.

Gunvor ta share hawaye da gefen ƙyallen tebur. Sannan ta juyar da kai, ta miƙo masa ɗaya kunnen, ta nuna shi da yatsa.

"Zagayo nan ka maimaita. Na hagun bai samu caji ba, kwamfutar taka ta ƙare kafin ya cika. Awa ashirin ɗin banza."

"Sha tara da minti arba'in," in ji Torleif.

Ya zagaya tebur, ya sunkuya daidai kunnen da ba ya ji, ya sake faɗa da ƙarfi, har sau biyu, bai rage ko kalma ɗaya ba.